Littattafai Goma Sha Ɗaya a Katin Baba Tela

Ruwan sama ne ya koro shi cikin laburaren, ba sha'awar karatu ba. Saukarsa ke nan daga mota, jakar kayan aiki a kafaɗa, yana tambayar hanyar layin teloli, sai ruwa ya kece. Ya hango wani tsohon gini mai dogayen tagogi, ƙofarsa a buɗe, ya ɗauka gidan waya ne, ya afka ciki.

Sai ya ga dattawa uku a kan dogon teburi, kowa da jaridarsa. Ga bokiti a tsakar ɗaki yana tarar yoyon rufi. Ga kantocin littattafai guda biyar. Bai gama gane inda yake ba wayarsa ta ɗau ƙara.

"Shiru," in ji wata budurwa daga bayan kanta, ta ɗora yatsa a leɓe.

Garin saurin kashewa ya danna lasifika. Muryar ƙanwarsa ta cika ɗakin: "Yaya, Umma ta ƙi miƙa hannun, wai sai ka dawo!"

Dattawan suka sauke jaridu. Ya rasa inda zai sa kansa. Budurwar ta yi ƙoƙarin haɗe fuska, dariya ta ƙi ba ta dama.

"Nan laburare ne, malam baƙo," ta ce a hankali. "Ka zauna ruwan ya tsaya. Me ya samu hannun Umma?"

Shi mai gyaran keken ɗinki ne, yana zagaya ƙananan garuruwa, kowane gari sau ɗaya a sati biyu. Mahaifiyarsa ta samu shanyewar ɓarin jiki wata huɗu da suka wuce. Bai san dalilin da ya sa ya gaya wa wadda bai sani ba duk wannan ba.

Ta tashi, ta nufi kanta ta uku, ta dawo da wani littafi mai shuɗin bango. Littafin kula da mai irin wannan ciwo ne a gida, da hotunan yadda ake motsa hannu da ƙafa. Ya buɗe, ya manta da ruwa, ya manta da layin teloli. Da ya ɗago, rana ta fito.

"Zan iya tafiya da shi?"

Ta tura masa fom. Suna, adireshi a cikin gari, da ɗan gari ɗaya da zai tsaya masa.

"Ba ni da ko ɗaya sai sunan," ya ce.

"To, dokar ke nan."

Ya ajiye littafin, ya fara kwafe hotunan a bayan wata takarda. Ta leƙa zanen. Hannun da ya zana ya fi kama da cokali mai yatsu.

"Da wannan za ka motsa Umma? Ai sai ka ƙarasa ta."

Ta ja aljihun katako inda ake jera katunan masu aro. Ranar da ta fara aiki, shekara biyu baya, ta buɗe wa mahaifinta kati don murna. Bai taɓa aron ko takarda ɗaya ba. Ta ciro katin fari fat, ta rubuta lambar littafin, ta buga hatimin kwanan wata.

"Sati biyu. In ka wuce, ni za a kama."

"Katin wa ne?"

"Na wani bawan Allah da ba ya karatu."

Ya karanta sunan da ke kai, bai san mai shi ba. Ya rubuta mata lambar wayarsa, tunda ita ce kaɗai adireshin da yake yawo da shi.

Daga nan ya wuce layin teloli. Shagon farko da ya shiga na wani dattijo ne da kowa ke kira Baba Tela, har jikokin maƙwabta. Sunansa na takarda ba ya fitowa sai a asibiti. Keken Baba ya shekara yana tsinke zare, masu gyara uku sun taɓa shi sun ƙara masa ciwo. Baƙon ya saurari ƙararsa, ya kwance, ya ɗaure, keke ya koma gudu kamar sabo.

"Kai ba mai gyara ba ne, injiniya ne," in ji Baba. Sunan ya bi shi a layin. Baba ya sa ya rubuta masa adireshin gidansu a wani yankin kwali, ya soke shi a ƙusa saman keken, don shi mutum ne da ba ya yarda da waya.

Baba Tela shi ne mai katin. Budurwar 'yarsa ce, Auta, wadda ya yi rainonta shi kaɗai tun rasuwar mahaifiyarta. Da ta ji yana yabon wani Injiniya a gida, ta gane ko wane ne. Ta sunkuyar da kai a kan farantinta.

Ranar da sati biyu suka cika, ƙarfe goma, Baƙo ya shigo da littafin a naɗe cikin leda, wayarsa a kashe tun daga bakin ƙofa.

"Malama Shiru, ga amanarki."

"Yaya hannun?"

"Ta riƙe kofi da kanta jiya. Ruwan ya zube, amma ta riƙe."

Auta ta yi murmushi. Ta buga hatimi a gurguje, ya fito a karkace.

Haka aka ci gaba. Ya ari littafin girki ga mai hawan jini. Ya ari na taswirar hanyoyin mota, don ya rage yawon da yake yi. Da ƙanwarsa ta dawo gida haihuwa, ya ari na rainon jariri. Shuɗin littafin nan kuwa ya fita ya dawo har sau uku. Tsakanin zuwa da zuwa, saƙonni suka cike gurbi.

"Malama Shiru, na kai shafi na arba'in. Marubucin ya ce a rage gishiri. Umma ta ce a rage marubucin."

"Ka ce mata laburare ba ya karɓar ƙorafi sai a rubuce."

"Saura kwana tara. Na ƙirga sau biyu ko zai ragu."

"Baƙona, ka yi aikinka. Kada ka ɗinke wa wani yatsa."

Wata rana ya tsaya a gaban kanta yana juya wani littafi na yadda ake tsara ƙaramin gida.

"Wannan kuma na wa ne? Umma ko ƙanwa?" ta tambaya.

"Nawa ne. Ɗaki biyu gare ni. Ina so in san inda ake ajiye kantar littattafai, ko da zan auri mai su."

Ta rasa bakin magana. Ɗaya daga cikin dattawan jarida ya yi gyaran murya, ya ce, "Yau dai shirun ya zo da kansa."

Akwai wanda abin bai yi wa daɗi ba. Mai Kemis na bakin kasuwa ya daɗe yana zuwa karanta jarida ƙarfe biyu, yana riƙe da shafi ɗaya har a tashi. Ya riga ya gaida Baba da maganar Auta sau biyu. Baba yana son sa, ba don komai ba sai don daga ƙofar shagonsa yana hango rufin gidan Mai Kemis.

Laburaren yana da wata al'ada ta aiki. Duk bayan wata shida, Babbar Malama, shugabar wurin, takan zauna da aljihun katuna ta duba wanda ya fi kowa aro, ta aika masa wasiƙar yabo. Ba ta tambayar kowa, da hannunta take bugawa.

Wasiƙar ta iske Baba yana yanka wuyan riga. Ya sa tabarau, ya bi ta da yatsa, kalma bayan kalma. Wai shi ne gwarzon mai karatu na gari. Wai ana gayyatarsa ya zo ya faɗa wa jama'a abin da ya ƙaru da shi. A ƙasa ga jerin aro goma sha ɗaya.

Ya karanta jerin sau uku. Ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. Auta ce kaɗai ke iya taɓa katinsa, wannan ya sani. To me Auta take yi da shanyewar ɓarin jiki har sau huɗu? Ya ɗaga hannunsa na hagu ya duba. Ya murɗa baki a madubin gwajin kaya.

Ranar kuwa ranar zuwan Injiniya ce. Yana tsugune yana sa wa keke mai, Baba ya ja kujera kusa.

"Ɗana, kai kana yawon duniya, ka fi ni ido. Akwai maganar da ban iya yi da kowa a layin nan ba, don kafin azahar ta zaga kasuwa. Duba wannan."

Baƙo ya karɓa. Ya ga sunan da ke saman wasiƙar, ya ga jerin. Sukundireba ta suɓuce daga hannunsa ta gangara ƙarƙashin teburi.

"'Yata ke aiki a can," in ji Baba. "Ka ga na farko, da na hawan jini. Ina jin ta ga wani abu a jikina ta ɓoye mini. Wannan zan iya ɗauka. Amma dubi nan. Taswirar hanya. Tsara gida. Sannan..." Muryarsa ta yi ƙasa. "Rainon jariri. Injiniya, yarinyar nan ba ta da uwa. Ta yaya uba zai buɗe baki ya tambayi wannan?"

"Baba, wataƙila... wataƙila ba ita ke karantawa ba."

"To wa? Aljani?"

Baƙo ya sunkuyar da kai. Mutumin nan ya zuba masa cikinsa kamar ɗansa. Ya ce a ransa bari ya fara jin Auta. Ya ɗaure keken, ya bar ƙusa ɗaya a hannunsa bai san daga ina ta fito ba.

Yana fita ya rubuta: "Shiruna, bawan Allahn da ba ya karatu, Baba Tela ne? Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na ji tsoro. Yana son ka a matsayin Injiniya. Ban san ko zai so ka a matsayin Baƙo ba."

"Zuwa na gaba zan durƙusa in gaya masa komai. Yau kunya ce ta hana ni."

Ba su samu wannan zuwan ba. Da yamma Baba ya tafi kemis a gwada jininsa. Aka tarar ya hau, kamar yadda jinin duk wanda ya wuni da irin wannan wasiƙa zai hau. Mai Kemis ya tambayi abin da ke damunsa, Baba ya ciro takardar.

"Ayya, Baba, ai ba kai ba ne, ba kuma ita ba ce," in ji Mai Kemis. "Wani baƙo ne mai jaka, ba ɗan garin nan ba. Ba shi da adireshi, shi ya sa take ba shi a katinka. Ni ban so in faɗa ba." Ya ɗan dakata. "Mai neman littafin jariri dai, ka san akwai jariri a wani wuri."

Auta ta dawo ta tarar da Baba a tsakar gida, wasiƙar a cinyarsa.

"Wata shida, Auta. Da sunana."

"Baba, ka yi haƙuri. Mahaifiyarsa ce ba lafiya. Kuma ai ka san..."

"Ban sani ba, ba na kuma son sani! Ba na son sunansa, ba na son sana'arsa. Mutumin da ba shi da ƙofar da zan ƙwanƙwasa? In ya ɗauke ki, ina zan nufa? Tasha zan je in riƙa tambayar direbobi ko sun ga 'yata?" Ya ninke wasiƙar. "Ki karɓo littafin mutane, magana ta ƙare."

Ta san ba faɗa ba ne, tsoro ne. Wannan ne uban da yake tsayawa a bakin layi in ta wuce ƙarfe biyar da minti goma. Ta shiga ɗaki ta rubuta: "Baƙona, Baba ya ji, ba daga bakinmu ba. Ya ce a'a. Kada ka zo. Ka aiko da shuɗin littafin ta hannun direba."

"Ya san ni ne?"

"Ya ƙi ya ji."

Washegari Baba ya aika wa Babbar Malama cewa a nemi wani gwarzon. Ta kira Auta ofis, ta ji bayani, ta daɗe tana kallon katin.

"Na fahimci zuciyarki, amma doka ba ta karanta zuciya. Littafin ya dawo kafin ƙarshen wata, sai in rufe ido. In bai dawo ba, zan rubuta, ki ajiye makulli."

Ranar da hatimi ya nuna ta zo ta wuce. Ba Baƙo, ba direba, ba littafi. Mai Kemis ya ci gaba da zuwa ƙarfe biyu, yana cewa, "Matafiyi fa sai a hankali, kowane gari da labarin da yake bayarwa." Auta ta kore maganar, ta dawo, ta kore, ta dawo. Ta kama kanta tana jera littafin lissafi a kantar tarihi. A ƙarshe ta rubuta abin da ta yi nadamarsa tun kafin ya isa: "Jaririn nan, da gaske na ƙanwarka ne?"

Amsa ta zo bayan awa ɗaya: "In kin tambaya sau biyu, amsar farko ba ta shiga ba ke nan. Allah ya huci zuciyarki."

Daga nan wayar ta yi shiru.

A layin teloli ma Injiniya bai zo ba, zuwa ɗaya, zuwa biyu. Keken Baba ya fara wata ƙara, ya koma tsinke zare, sannan ya tsaya cak da rigar mutane a bakinsa. Amma ba keken ne ya fi damun Baba ba. A gida 'yarsa ta daina dariya, tana ajiye masa abinci ta koma ɗaki. Mutum ɗaya da ya iya gaya wa damuwarsa kuma ya ɓace. Ko ciwo ne? Ko haɗari? Ya kira, ba a ɗauka ba.

Saura kwana uku wata ya ƙare, Baba ya ciro kwalin nan daga ƙusa, ya rufe shago, ya hau motar safe. Awa biyu yana riƙe da kujerar gaba, yana ce wa direba ya rage gudu.

Gidan ƙarami ne a bayan shagon wani masaƙin tabarmi na roba, ƙofarsa koriya. Wata matashiya ta buɗe, jariri a kafaɗa.

"Yaya ya je karɓo magani, yanzu zai dawo. Shigo, Baba."

A falo wata dattijuwa tana zaune a kujera, sanda a gefenta, tana ɗaga hannun dama a hankali tana saukewa. A kan teburin gabanta littafi ne a buɗe, an danne shi da kofi. Bangonsa shuɗi.

Baba ya gaishe ta, ya zauna. Idonsa ya koma kan littafin. Ya dubi hannun dattijuwar. Ya dubi jaririn. A bango ga wata taswira da aka zana da biro, an ja layi ƙarƙashin sunan garinsu har takardar ta huje. A lungu ga sabuwar kanta ta katako, ba a ɗora mata komai ba.

"Hajiya, in ɗan ga littafin nan?"

Ya juya bangon baya. Ga 'yar takardar kwanan wata, hatimi huɗu a jere, ɗaya a karkace. Ga lambar katinsa da rubutun da ya sani tun yana riƙe hannun mai shi yana koya mata.

Ƙofa ta buɗe. Baƙo ya shigo da ledar magani, ya ga Baba, ya ga littafin a hannunsa. Ya durƙusa a inda yake.

"Injiniya," Baba ya ce. "Tsaya. Kaina ya ɗaure. Baƙon nan mai jaka, abokinka ne?"

"Ni ne, Baba."

"Kai ne wa?"

"Ni ne duka biyun."

Baba ya cire hula, ya mayar. "Wato ranar nan da nake gaya maka, kana riƙe da sukundireba..."

"Kunya ce ta kama ni, Baba. Ita ce kuma ta hana ni zuwa layi. Na yi laifi."

"To bari. Ɗaya bayan ɗaya. Ciwon ba nawa ba ne?"

"Nawa ne," in ji Umma. Maganarta tana fita da nauyi, amma tana fita. "Kada ka ƙwace mini."

"Jaririn fa?"

"Nawa ne, Baba, ga shi har da hancin ubansa," in ji ƙanwar.

Baba ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Sai fushin ya samu wuri. "To me ya hana ka mayar da littafin mutane? Ka san za a karɓe makullin 'yata gata?"

Baƙo ya ɗago a firgice. "Wallahi ba ta gaya mini ba. Na kai shi tasha sau biyu na dawo da shi. In na ba direba, ba ni da sauran abin da ya haɗa ni da ita."

Umma ta miƙa hannu ga sandarta.

"Malam, dubi abin da 'yarka ta yi."

Ta miƙe. Ta yi taku ɗaya, biyu, uku, huɗu, ta dafa kafaɗar ɗanta. "Wata shida baya, juya ni ake yi. Wannan kuwa, da ya san ƙarya, da ya iya ta a gabanka. Tun yana yaro in ya ji kunya sai ya ɓuya."

Baba ya dubi uwar, ya dubi ɗan. Ya tashi ya leƙa ɗakuna biyun. Ya dubi rufi ko yana yoyo. Ya murɗa famfo. Ya tambayi ƙarfe nawa motar ƙarshe take tashi, da nisan asibiti, da ko ƙofar tana da sakata ta ciki. Sannan ya sa littafin a hammata.

"Ni na ara, ni zan mayar."

"Baba, maganar..."

"Ban ce komai ba. Kekena yana tsaye, ka bar ƙusa a waje."

Washegari bayan azahar Auta tana goge kanta sai ga mahaifinta a ƙofar laburare, karo na farko tun ranar da ta fara aiki. Ya kauce wa bokitin, ya zo ya ajiye shuɗin littafin.

"Na makara!" ya ce da muryar kasuwa.

"Shiru," in ji dattawan jarida, su uku a tare.

Auta ta dubi littafin, ta dubi Baba. "A ina... wa ya ba ka?"

"Na je na ƙwanƙwasa ƙofar. Koriya ce." Ya rage murya. "Kin bar ni ina zagin mutum da daddare, ina yabonsa da safe. Kin kyauta?"

"Ka ce ba ka son sunansa."

"Ai da sai ki ce keke. Ba ni fom ɗin nan."

Ya zauna, ya sa tabarau, ya cika shi a hankali, harshe a gefen baki. Babbar Malama ta fito ta tsaya a kansa.

"Baba, adireshin dole na cikin gari ne."

"Ga shi na rubuta shagona. Duk sati biyu yana nan. Akwai 'yan garin da ban gani haka ba."

"Wa zai tsaya masa?"

Baba ya daɗe da biro a sama. Ya dubi 'yarsa, wadda hawaye ke sauka a kan hatimin da ke hannunta. Ya sa hannu.

Mai Kemis yana kujerarsa ta kullum. Ya naɗe jaridar, ya zo ya ce, "Allah ya sa alheri, Baba," ya fita. Daga baya ya koma karanta labarai a waya.

Auta ta rubuta, yatsunta na kuskure: "Baƙona, ka yafe mini tambayar nan. An buɗe maka kati. Ka zo ka karɓa da kanka, ba a ba direba."

"Shiruna, ina cikin mota tun kafin ki gama rubutawa. Umma ta ce a sake aro mata shuɗin."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Umma ta zo da sandarta, ta ƙi yarda a riƙe ta daga mota zuwa ƙofa. Teloli suka rufe layi rabin yini. Dattawan jarida suka zo su uku, suka zauna a benci ɗaya kamar kullum. Auta ta riƙe aikinta, za ta riƙa zuwa kwana uku a sati bayan hutun amarci, Babbar Malama ta ce ba ta da wani mai buga hatimi a karkace.

Da lokacin tafiya ya yi, mota tana jira, Baba ya tambayi direba ko tayoyinsa na da iska, ya sake tambaya. Sannan ya kira ango gefe. Ya sa hannu a aljihu ya ciro hatimin laburare, wanda ya roƙa a wurin Babbar Malama na yini ɗaya. Ya juya lambobin da kyar, ya kama hannun ango, ya buga a bayansa.

"Karanta."

"Sati biyu daga yau, Baba."

"Aro na ba ka. Ranar nan ka kawo ta in gan ta da idona, sannan in sabunta maka."

"In Allah ya yarda ko awa ɗaya ba zan ƙara ba."

Baba ya juya ga Auta. Duk maganganun da ya tanada suka gudu. Ya dafa kanta.

"Allah ya yi miki albarka, Auta. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku masu yi muku abin da kika yi mini. In kun isa ki kira."

"Zan kira, Baba."

"In kun kai rabin hanya ma ki kira."

Ranar da sati biyu suka cika, tun ƙarfe takwas Baba yana bakin shago, almakashi a hannu, bai yanka komai ba. Goma saura kwata ya hango su daga kan kwana, shi da jakarsa, ita da littafi a hannu, suna dariya. Ya yi maza ya koma kan keke ya hau taka shi, kamar wanda bai taɓa leƙa titi ba.